Kafar Iskar da Lakhdar Ya Toshe

Akwai wani tela a layinmu, nan Satif, ana ce masa Lakhdar. In ka ce Lakhdar tela, sai a tsaya ana tunanin wanne kake nufi. In ka ce Lakhdar mai maknin, kowa zai nuna maka ƙofar gidansa.

Ku da kuke bin wannan shafi kun san ba na yawan kawo labarin mutanen da na sani. Wannan kuwa a gabana aka yi rabinsa, ragowar matarsa Huriya ce ta faɗa wa matata. Shekara huɗu ke nan, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Maknin dai, ɗan tsuntsun nan mai jar fuska da rawaya a fiffike, kusan kowane gida na da shi a garin nan. Amma na Lakhdar daban ne. Yana da wani tsoho ɗan shekara tara da ya sa wa suna Shehi, don shi ke koya wa ƙanana waƙa. In Shehi ya buɗe baki a shagon gahawa, har masu karta sukan ajiye katinsu.

Gaskiya Lakhdar ya san tsuntsu. Matsalarsa ita ce ya san cewa ya sani, kuma a ganinsa ba wanda ya sani sai shi.

Ƙaramin maknin duk abin da ya ji a shekararsa ta farko shi zai riƙe har ya mutu. In ya ji ƙarar ƙofa, sai ya saka ta a waƙarsa. In kuwa ya ji kanari, an gama da shi, domin alƙalan gasa suna jin muryar kanari sau ɗaya a bakinsa za su ce a sauke kejin. Shi ya sa masu koyarwa ke kulle ƙanana a ɗaki da malaminsu, ba su jin kowa sai shi.

To, sai ga shi maƙwabcin Lakhdar, wanda bango ɗaya ya raba su, yana da kanari guda biyu.

Sunansa Baba Rabah, tsoho ne ɗan shekara saba'in. Shekara talatin ya yi yana aikin haɗa bututun gas da murhun ɗumama ɗaki kafin ya yi ritaya. Kanarin ma ba nasa ba ne, na matarsa ne da ta rasu ta bar masa. Duk lokacin da sanyi ya kusa, yakan ɗauki tsaninsa da dogon burushinsa ya bi layinmu gida-gida yana share bututun hayaƙi. Ladansa kofin gahawa ne, wani lokaci da gurasa mai zafi.

Lakhdar ya taɓa zuwa ya same shi a kan kanarin.

"Baba Rabah, ka sayar min da waɗannan abubuwan naka. Ko nawa ne zan biya, in kai su can nesa."

"Na marigayiya ne, Lakhdar. Su nake ji da safe in san gari ya waye."

"To ka sayi agogo mana."

Tun daga ranar Lakhdar ya daina gaishe shi, ya koma kiransa mai kanari. Sanyi uku a jere Baba Rabah yana zuwa da tsaninsa, Lakhdar yana ce masa ya wuce gaba. Sanyi uku ba a taɓa bututun gidan ba.

A shekarar da abin ya faru, Lakhdar na da ƙanana goma sha biyu da yake shirya wa gasar bazara. Dusar ƙanƙara ta sauko da wuri. Sai ya kwaso kejin duka ya jera su a falo, inda murhun gas yake.

A falon nan mahaifiyarsa, Inna Mbarka, take wuni. Tana da buzunta kusa da murhu, da bargonta, da carbinta. Tsohuwa ce mai barkwanci, wadda ba ta ganin mutum ya wuce ba ta tsokane shi ba.

Bangon falon yana da kafar iska biyu, kamar kowane gida mai murhun gas, ɗaya ƙasa kusa da daɓe, ɗaya sama kusa da rufi. Dukkansu suna kallon tsakar gidan da tagar Baba Rabah take. A ranar farko Lakhdar ya kasa kunne, sai ya ji kanari na shigowa ta nan tar kamar a cikin ɗakin yake. Ya tafi shago ya ciko buhu da ragowar ƙyallayen ɗinki, ya cusa su a kafofin biyu har sai da yatsa ya daina shiga.

Inna Mbarka tana kallonsa ta ce, "Kai Lakhdar, ko ni da na haife ka ban yi maka wannan gata ba."

Ya yi dariya. "Ai ni ban iya waƙa ba, Inna."

Bayan kwana takwas ya tashi da safe ya tarar da biyu a mace a ƙasan keji. Jiya da yamma suna tsalle suna gwada murya. Gashinsu a kwance lumui, cikinsu cike da abinci, ba zawo, ba ciwo, ba alamar komai. Kamar an kashe fitila ne kawai.

Ya naɗe su a hankici ya kawo su shagon gahawa. Ina nan zaune. Kun san mutanenmu, kowa likita ne in tsuntsun wani ya mutu.

Wani ya ce tsabar ce, ƙila ta jiƙe a buhu ta yi funfuna. Wani ya ce a'a, turaren wuta ne, mata ba sa ji. Wani ya ce shi nasa maganin feshi na ƙwari ne ya kashe su bara, daga ɗakin da ke kusa ma aka fesa. Wani ya rantse cewa kaskon suyar nan na zamani da abinci ba ya kamawa, in aka bar shi a wuta ya yi zafi sosai, yana fitar da abin da ke zubar da tsuntsu nan take. Aka ambaci ɓera, aka ambaci kyanwa da ke firgita su, aka ambaci cutar da sabon tsuntsu ke shigowa da ita. Daga ƙarshe wani ya rage murya ya ce, "Ko kuma ido ne."

Duk abin da suka lissafa yana kashe tsuntsu, ban da na ƙarshen, wanda na bar wa Allah saninsa.

Baba Rabah yana can lungu da kofinsa. Sai ya ce a hankali, "Lakhdar, waɗannan biyun, su ne suka fi kusa da murhu?"

Su ne kuwa. Na ga fuskar Lakhdar ta ɗan canza. Amma sai ya juya ya kalli jama'a.

"Kun ji fa. Yau mai kanari zai koya min maknin. Gobe kuma mai jaki zai koya wa mai doki sukuwa."

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba.

Baba Rabah bai ji haushi ba. Ya ce, "To ka kai gawar wurin likitan dabbobi ya buɗe ya gani."

"Likitan da ke zuwa wurina tambaya?"

A gida kuwa Huriya ce ta sha. Ya ɗauki kaskonta sabo ya jefa a shara. Ya hana turare, ya hana suya, ya zubar da tsabar buhu guda ya sayo wata, ya wanke kejin ɗaya bayan ɗaya da ruwan zafi.

"Baban Nawal, kaskon nan 'yarka ce ta saya min," in ji Huriya. Nawal ita ce 'yarsu tilo, tana aure a wani gari.

"Ta sayo miki wani."

"To shi ke nan. Amma ni kwana biyun nan kaina kamar ana sara da gatari. Inna ma ka duba ta, barci take yi da carbi a hannu, abin da ba ta saba ba."

"Ke kullum da ciwon kai. Inna kuma tsufa ne. So kike ta tashi ta yi tsere?"

Kwana biyar bayan haka aka yi wani sanyi mai shiga ƙashi, aka ƙara wa murhu wuta. Washegari uku suka faɗi, su ma lafiya lau, cikinsu a cike.

Ku ji hukuncin da gwani ya yanke. Ya ce iska ce. Ya ce maknin ba abin da ya tsana kamar iska mai ratsowa, kuma lallai akwai inda take shigowa. Ya sayo salatif ya bi gefen tagogi ya liƙe. Ya naɗe tsohon bargo ya tokare ƙasan ƙofa. Falon ya koma kamar tulu mai murfi.

Ran nan Huriya ta fito zubar da shara, sai ta yi jiri ta dafa bango. Baba Rabah yana bakin ƙofarsa.

"'Yata, lafiya?"

"Ciwon kai ne kawai, Baba. Ya ƙi sauka."

"In kin fita kasuwa yakan sauka?"

Ta yi tunani. "Yakan sauka. Ina dawowa kuma ya dawo."

"Wutar murhunku, shuɗiya ce ko rawaya?"

"Da shuɗiya ce. Yanzu rawaya take, tana lilo. Bangon bayansa ma ya yi baƙi."

Huriya ta ce ba ta taɓa ganin fuskar tsohon nan haka ba. Ya matso ya ce mata, "Ki saurare ni da kyau. Wuta ma numfashi take yi kamar ni da ke. In ba ta samu iska ba, sai ta fara fitar da wata guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, ido ba ya ganinta. Tsuntsu ƙirjinsa ƙarami ne, shi take fara ɗauka. Tana gamawa da su, ku ne a layi. Me ya yi wa kafar iskar?"

"Ya toshe da ƙyalle, saboda kanarinka."

Tsohon ya runtse ido. "Je ki cire yanzu. Ki kashe murhun, ki buɗe taga."

Ta je ta cire. Ta ce wunin ranar kanta ya washe kamar an ɗauke mata kaya. Inna Mbarka ta farka sarai, ta nemi shayi, ta zauna tana tsince alkama tana ba ta labarin aurenta har suna dariya. Da sanyi ya dame su, Huriya ta rufe taga ta kunna murhu kaɗan, amma ta bar kafofin a buɗe.

Da la'asar Lakhdar ya dawo. Yana sa ƙafa a falo ya ji kanari yana rera waƙa, ƙananansa bakwai sun karkata kai suna saurare.

Ban san duk abin da ya faɗa wa Huriya ba, ita ma ba ta maimaita ba. Abin da ta faɗa shi ne ya tambaye ta, "Wa ya sa ki?" Da ta ambaci sunan, sai ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano bakin zaren.

"Na gane. Ya kashe min biyar da idonsa, sauran kuma yana so ya lalata su ta hannun matata."

"Baban Nawal, wallahi yau kaina bai yi ciwo ba. Ka tambayi Inna."

Inna Mbarka ta ce, "Gaskiya ta faɗa, ɗana. Yau na ji ni mutum ce."

"Inna, ki bar wannan maganar, ba ki san makircin mutane ba."

Ya mayar da ƙyallayen, ya sake liƙe tagar da salatif. Don kada a sake cirewa, ya kwaɓa siminti ya shafe bakin kafofin biyu ciki da waje.

Baba Rabah ya ga ɗanyen siminti daga tsakar gida. Washegari Alhamis ya ƙwanƙwasa ƙofar mutumin da ya yi shekara uku bai amsa gaisuwarsa ba. Yana riƙe da keji a lulluɓe.

"Lakhdar, ga kanarin. Yanzu zan hau mota in kai su gidan ƙanwata, ba za ka sake jin su ba. Na roƙe ka don Allah ka fasa simintin nan, ka bar ni in hau in duba bututun. Minti ashirin ne. Ba sai ka gaishe ni ba."

Jama'a, tsuntsayen matarsa ne fa, waɗanda ya ce da su yake sanin gari ya waye.

Lakhdar ya dube shi sama da ƙasa. "Sai yanzu ka ga dama? Da na zo da kuɗina ai agogo ya fi ƙarfinka. Jikinka ne ya ba ka an gano ka."

"Ka kira ni duk abin da kake so. Hajiya na cikin ɗakin nan."

"Uwata ce, ba taka ba."

Ya rufe ƙofa. Baba Rabah ya tafi ya kai kanarin kamar yadda ya ce. Tsakar gidan ta yi tsit.

Wannan wurin ne ya fi ƙona min rai. Daga ranar Alhamis ɗin nan babu sauran kanari, babu sauran dalili. Guduma ɗaya ta isa. Amma in ya fasa, Baba Rabah zai gani ta tagarsa, kuma labari zai kai shagon gahawa cewa mai kanari ne ya yi gaskiya. Huriya ta roƙe shi, ya ce a bari sanyi ya wuce.

Ranar Juma'a aka tashi da dusar ƙanƙara har gwiwa. Huɗu suka faɗi kafin hantsi, saura uku. Shi kansa Shehi, da ke rataye can nesa kusa da ƙofa, ya kumbura gashi ya rufe ido yana haki.

Nan hankalin Lakhdar ya tashi. Ya sauko da kejin, ya lulluɓe shi da rigar da ya ɗinka masa da hannunsa, ya sa babbar rigarsa ta ulu.

Inna Mbarka tana kan buzunta. Ta ɗago kai da ƙyar.

"Ina za ka kai shi?"

"Zan fita da shi ya sha iska, Inna. Gidan nan akwai abin da aka sa masa."

"Tsuntsu zai sha iska. Mu kuma fa?" Ta yi ɗan murmushi. "Ka buɗe min tagar nan ko kaɗan, ɗana. Ƙirjina ya yi nauyi."

"Sanyi zai kama ki, ya kama ƙananan. Bari in dawo daga masallaci." Ya juya wurin Huriya, wadda ke fama da tukunyar kuskus tana dafe da goshi. "Kada a taɓa min taga. Ki ƙara wa Inna wuta."

Ya ajiye kejin a shagon gahawa ya tafi masallaci. Da aka sauko muka taru kamar kullum. Ya ɗaga lulluɓin, sai ga Shehi ya sauke gashi, idonsa tar, yana fasa tsaba. Can sai ya buɗe baki. Ban taɓa jin ya yi waƙa kamar ta ranar ba.

Lakhdar ya miƙe ƙafa ya ce a kawo wa kowa gahawa. Ya zauna yana ba da labari, ana ta tafa masa. Aka yi awa ɗaya, aka shiga ta biyu. Wani ya ce, "Ba za ka je cin kuskus ba?" Ya ce kuskus ba ya gudu.

Sai Baba Rabah ya shigo yana kakkaɓe ƙanƙara daga hularsa. Lakhdar ya ɗaga murya don ya ji.

"Ku duba ikon Allah. Da safe tsuntsun nan yana bakin mutuwa. Ina raba shi da bangon wani mutum, ga shi nan ya warke. A cikin gida ciwo, a waje lafiya. Sai ku faɗa min mene ne wannan."

Baba Rabah ya tsaya cak.

"A ciki yana haki, a waje ya warke?"

"Ka ji da kunnenka."

"Su wa ka bari a ciki, Lakhdar?"

"Iyalina mana."

"Murhu na kunne?"

Tsohon ya juya ya fita da gudu. Ɗan shekara saba'in, a cikin ƙanƙara, yana zamewa yana tashi. Shehi yana ta waƙarsa. Ni da wasu mutum biyu muka kalli juna muka bi shi.

Lakhdar bai tashi nan da nan ba. Waɗanda suka rage sun ce sai da ya shanye kofinsa, ya lulluɓe kejin, ya ɗaure igiyar. Ba ya so a ce an gan shi yana gudu a bayan mai kanari.

Mun buga ƙofa, ba amsa. A kulle take ta ciki. Baba Rabah ya ɗauki dutse ya fasa gilashin tagar falo, ya ce mana, "Ku ɓalle ƙofar. Duk wanda ya shiga ya riƙe numfashinsa, ya ɗauko mutum ya fito, kada ya tsaya."

Ɗakin da ɗumi, tsaf-tsaf, ba warin komai sai ƙamshin kuskus. Wannan ne abin da har yau yake ba ni tsoro. Ba abin da zai ce maka akwai mutuwa a wurin.

Huriya tana kwance a ƙasa tsakanin kicin da taga, hannunta a miƙe wajen salatif ɗin. Ta fara ɓare shi, ƙarfinta ya ƙare. Muka ɗauko ta muka shimfiɗa a kan ƙanƙara, tana numfashi sama-sama.

Inna Mbarka tana zaune a kan buzunta, ta jingina da bango, bargo a ƙafafunta, carbi a hannunta. Kumatunta sun yi ja kamar na mai lafiya. Baba Rabah ne ya ɗauko ta da kansa. Ya yi ta danna ƙirjinta yana kiran "Hajiya, Hajiya," har motar asibiti ta iso. Ma'aikatan suka duba ta, suka ja bargon suka rufe fuskarta.

A daidai lokacin Lakhdar ya shawo kwanar layi, yana tafiya a hankali, ya rungume kejin a ƙirji don kada sanyi ya taɓa shi.

Ba zan kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Na dai ga ya durƙusa a cikin ƙanƙara yana cewa, "Inna, na dawo. Inna, ga ni na dawo, bari in buɗe miki." Mu duka muka kau da kai.

Da masu bincike suka hau rufi, sun tarar bututun ya cushe da baƙin hayaƙi da tsohuwar sheƙar tsuntsu. Gubar ba ta da hanyar fita ta sama, iska ba ta da hanyar shiga ta ƙasa. Ƙananan ukun da suka rage suna ƙasan kejinsu.

Huriya ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Ta rayu, amma ba ta koma yadda take ba. Takan ɗora tukunya ta manta, takan tsaya a tsakiyar magana ta rasa inda take. Ba ta taɓa zaginsa ba. Da ya je ya tsaya a bakin gadonta yana kuka, abu ɗaya ta ce masa.

"Inna ta yi ta kiran sunanka. Ta ce kada in buɗe tagar, in bari ka dawo tukuna, kada ka yi faɗa."

Ranar da aka share makoki, muna zaune a ƙofar gida muka ji bugun guduma daga ciki. Lakhdar ne yake fasa simintin. Bugu huɗu kacal ya yi. Ya zauna a ƙasa yana zaro ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wani kore mai ɗigon fari. Ragowar yadin da ya ɗinka wa Inna Mbarka rigar sallah ne. Ya daɗe yana riƙe da shi.

Da yamma ya ɗauki kejin Shehi ya ƙwanƙwasa ƙofar Baba Rabah.

"Baba, ka riƙe shi. Ba zan iya jin muryarsa ba. Ka kuma je ka dawo da na marigayiya."

"Zai ji kanari fa, Lakhdar."

"Ya ji."

Tsohon ya karɓi kejin ya ajiye, sannan ya rungume shi. Bai ce masa ai na faɗa maka ba, ranar ko bayanta. Matata ta ce shi ma Baba Rabah ya daɗe yana zargin kansa, wai me ya sa bai fasa simintin nan ta waje tun ranar Alhamis ba.

Lakhdar bai sake ajiye tsuntsu ba. Yanzu in sanyi ya kusa, za ka gan su su biyu suna bin layinmu. Ƙafar Baba Rabah ta daina hawa tsani, don haka shi yake riƙewa a ƙasa, Lakhdar yana sama da burushi. In sun shiga gida, Lakhdar ba ya tsayawa gaisuwa. Kai tsaye yake zuwa bango ya durƙusa ya sa hannu a kafar iska.

Bara ya zo gidana ya zaro kwalin da na cusa a tawa saboda sanyi. Ni da na ɗauki ƙafafun Huriya da hannuna. Ya miƙo min kwalin ya ce, "Mahaifiyarka na nan?" Na ce tana ciki. Ya ce, "To je ka gaishe ta."

Darasi: Gaskiya ba ta zaɓar bakin da za ta fito, kuma wanda ka raina yana iya zama shi Allah ya aiko ya cece ka. Kada girman kai ya sa ka riƙe kuskure don gudun a ce wani ya fi ka sani, domin sau da yawa ba kai za ka biya ba, wanda ka fi so ne zai biya. Kuma in tsuntsu ya faɗi haka kawai a gidan da ake kunna gas ko gawayi, ko mutanen gida suna ciwon kai da ke sauka in sun fita, ku kashe wutar, ku buɗe ko'ina, ku fitar da kowa, ku kira wanda ya san aikin. Ku tura wannan ga 'yan uwa da maƙwabta tun kafin sanyi ya shigo, ƙila akwai wata Inna a zaune kusa da murhu a gidan da saƙon zai isa.